Ɗiya Na Nan?

Har yanzu akwai ƙullin kaya guda a kusurwar ɗakin nan da ban kwance ba. Na san abin da ke ciki, labule ne da zannuwan gado, amma in na kai hannu sai yatsuna su ƙi. Maigidana ya gaji da tambaya, ya sayo wani labulen ya rataya. Shekaranjiya wata maƙwabciyarmu ta nan sabuwar unguwa ta shigo, su ma za su tashi, tana tambayata yadda na shirya tawa ƙaurar, wai ta lura ko kofi guda bai fashe mini ba. Na buɗe baki zan ba ta amsa sai kuka ya zo. Ta fita tana ba ni haƙuri, ba ta ma san na mene ne ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda bakin ya ƙi.

Gaskiyarta kuwa, ko kofi bai fashe ba.

Daga Ƙofar Kware muka tashi zuwa Tudun Wada, duk a nan cikin Sakkwato, a tsakiyar bazarar bana, lokacin da ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da rana. Mu huɗu ne: ni, da maigidana mai sayar da hatsi a kasuwa, da 'yarmu ta fari wadda ta shiga shekara ta uku, sai jaririn da nake goyo. Gidan da muka bari na haya ne, ɗaki biyu da madafa da 'yar tsakar gida, da rijiya a tsakiya. Alhajin da ke da gidan zai yi wa ɗansa aure, ya ce mu nemi wani wuri, muka rabu lafiya.

Tun da aka ji za mu tashi, duk macen da ta shigo da tata shawarar. Inna, uwar maigidana, ta ce kada in yarda in zuba tangaran a kwali haka nan, in naɗe kowane faranti cikin zane ko ɗankwali, ga shi an ɗauki tufafi ga shi an tsare kwano. Yayar maigidana, wadda ni ma Yaya nake ce mata, ta ce in an kwance gado a zuba notinansa a leda a ɗaure a jikin ƙafar gadon, don ita da ta tashi sai da suka yi ta kwana a ƙasa ana neman noti. Mahaifiyata ta kira ta ce ruwa da gishiri da Alƙur'ani su fara shiga sabon gida kafin komai, kuma in ware jaka guda ta kayan jariri da magani da cajar waya, kada ta bar kafaɗata. Kayan madafa a loda su a ƙarshe don su fara sauka. Garin tuwo da man ja kada su haɗa hanya da katifa. Duk na bi, har ina jin kaina.

Akwai shawarar da kowa ya haɗu a kanta: a kawar da yara. Ranar kwasar kaya 'yan dako na shiga suna fita da sif da gado a ka, ba sa ganin ƙasa, yaro na iya shiga ƙafarsu. Aka shirya Yaya za ta zo da safe ta taya ni ɗaure-ɗaure, in rana ta ɗaga ta kwashi nata yaran da tawa yarinyar ta kai su gidan Inna a Ƙofar Taramniya, ta dafa mana abinci a can, bayan la'asar ta kawo su sabon gida. Inna kuma za ta zauna da ni har a kulle ƙofa.

Kafin in ci gaba sai na faɗi wani abu game da ni da yarinyar nan, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba. A gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Mahaifiyata har yau ban taɓa jin ta faɗi sunan babban yayanmu ba, "wancan" take cewa, ko "mutumin naku". Na taso na ga haka, da na haihu ni ma na ɗauka. Ban taɓa kiran 'yata da sunanta ba. "Ke" nake ce mata. In Inna na kusa ba na ɗaukarta, ba na tambayar ko ta ci, in ta faɗi sai in kau da kai har wani ya ɗaga ta. 'Yan makarantarmu da suka zo barka sun yi mini dariya, wai na zama tsohuwa tun ban tsufa ba. Amma Inna na son abin. Ta sha faɗa a gabana cewa a cikin surukanta ni ce mai kunya, sauran sai ka ji suna kwala wa ɗan fari kira kamar mai talla. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Ita kuwa yarinyar ta zama ta Inna, "ƙawata" take ce mata, kullum suna faɗa a kan goro da alewa.

Ranar tashin, a-kori-kura ta zo da wuri, ta yi sawu na farko da gado da sif da katifu. Gida ya rikice. Ina cikin ɗaki ina ɗaure zannuwa na ji Yaya daga waje tana cewa, "Mun tahi! Ku hito ku shiga keke, ɗiyan banza, kun hana mutane aiki." Na ji hayaniyar yara ta yi ƙofa, na ji keke mai ƙafa uku ya tashi. Ban fito ba. Inna na zaune a tsakar gida, ba zai yiwu in fito rakiyar ɗiyar fari a gabanta ba.

Sawu na biyu ya kwashe sauran: tukwane, randa, buhunan hatsi, guga da igiyarsa. A ƙarshe maigidana ya sa 'yan dako suka ɗaga murfin rijiya. Na ƙarfe ne, shi ya sa mai walda ya yi shi lokacin da yarinyar ta fara rarrafe, kuma sabon gidan ma akwai rijiya marar murfi. Ya ce, "Nan ai babu sauran yaro, can aka bukatarshi." Na ce gaskiya ne. Na share ɗakunan tas, don ba a bar wa mai gida datti. Na leƙa madafa, na leƙa makewayi, na duba bayan ƙofofi ko an manta tsintsiya. Bayan sallar azahar maigidana ya ja ƙofar ƙarfe, ya zura sarƙa ya danna kwaɗo, ya kai wa Alhaji mabuɗi a shagonsa, ya bi motar kaya a kan mashin. Ni da Inna da jariri muka shiga keke.

A cikin keken ne wani abu ya tsaya mini a ƙirji. Ban san dalili ba. Na tuna dai a hayaniyar da ta yi ƙofa ban tsinci muryarta ba, ita da ba ta shiga keke sai ta yi rigimar zama a gefe. Na ciro waya na kira Yaya. Gwiwar Inna na jingine da tawa, tana jin komai.

"Yaya, kun isa lahiya?"

"Lahiya lau. Ku kun taso?"

"Muna hanya. Yaya… ɗiya na nan?"

A bakinmu na Sakkwato, ɗiya na iya zama yarinya guda, na iya zama yara gaba ɗaya. Ɗan lanƙwasa murya ne ke raba su, kuma ni a ƙasa-ƙasa na faɗa, ga ƙarar keke, ga hon ɗin motoci. Ni guda nake nufi. Ban ce ɗiyata ba, ban faɗi suna ba, na ɗauko kalmar da za ta wuce ta gaban Inna ba tare da ta tsaya ba.

Yaya ta ce, "Suna nan, sun cika ciki suna ta yi min ɓarna. Ƙaramar ma ta yi kwana."

Ƙaramar. Yaya ma tana da ƙaramar yarinya, autarta, kusan sa'ar tawa. Wannan bai zo mini a rai ba. Na ce to, na kashe waya. Inna ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Mi na na?" Na ce, "Babu komi, Inna." Abin da ya tsaya mini a ƙirji bai sauka duka ba, amma na danne shi.

A sabon gida aiki ya ɗauke ni. Aka shigar da ruwa da gishiri da Alƙur'ani, Inna ta yi addu'a a kowane ɗaki. Aka haɗa gado, notinan na nan cikin ledarsu, har maigidana ya ce Yaya ta yi dabara. Na jera tukwane, na shayar da jariri, na kwance tangaran ɗaya bayan ɗaya ina murna babu wanda ya tsage. Ina murna fa. Duk tsawon lokacin nan ina goge faranti ina murmushi.

Bayan la'asar keke ya tsaya a ƙofa. Yaya ta shigo da kulolin abinci, yaranta na biye suna tsalle. Ina daga bakin madafa, ban ɗaga kai sosai ba, ƙafafu kawai nake kallo suna shigowa, ina neman wasu jajayen silifas. Ƙafafun suka ƙare.

Inna ta ce, "Ina ƙawata? Ko hushi take don ban raka ta ba?"

Yaya ta ajiye kula. "Wace ƙawa? Ba wurinki nib bar ta ba?"

"Wurin wa?"

"Inna, bar wasa. Muna shirin tashi tad dire daga keke, wai ta manta kayanta. Nic ce to tahi wurin Inna, ku taho tare. Da idona nig ga ta shiga gida."

"Ni ban gan ta ba. Tun sahe da tak karɓe min goro ban ƙara sa ta ido ba."

Yaya ta juyo wurina. "Ke ba kin kira ni ba? Ai da ba ta wurinku da kin ce…"

Ba ta ƙarasa ba. Ni kuwa idona ya sauka a kan murfin rijiya, yana jingine da katangar sabon gida inda 'yan dako suka ajiye shi, rana na haska shi.

Ban san na yi ihu ba, daga baya aka gaya mini. Na san dai na kwance majanyi na saki jariri a hannun Yaya kamar wani ƙullin kaya. Maigidana na kiran wayar Alhaji, ba ta shiga, sai ya tuna mutumin ya ce zai wuce ƙauye wurin dangin amarya, da mabuɗin a aljihunsa. Ya tada mashin na haye baya, hijabina a juye, ƙafa ɗaya babu takalmi. Inna na kwala wa mai a-kori-kura kira, don bai riga ya tafi ba, tana cewa ya kai ta.

Hanyar nan na bi ta sau da yawa, ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Ina dukan bayan maigidana ina cewa ya yi sauri, shi kuwa ba ya cewa komai sai innalillahi, innalillahi, kamar numfashi. A raina ina lissafa abin da muka bari a gidan: babu randa, babu ko kofin ruwa, babu inuwa sai ta katanga. Mun kwashe komai tsaf. Abu guda muka bar mata, ramin nan a buɗe.

Muna tsayawa, Goggo, dattijuwar da katangarmu ke haɗe da tata, ta leƙo. Da ta ga fuskokinmu sai ta dafe ƙirji.

"Goggo, kin ji motsin yaro cikin gidan ga?" in ji maigidana.

"La'ilaha illallahu. Taku ta? Wallahi na ji kuka, tun bayan azahar. Nic ce gida babu kowa, an kulle gaban idona, rana tsaka, wa ka kuka ciki in ba mutanen ɓoye ba? Nit tohe jikokina da addu'a nij ja ƙohwa."

Aljanu. 'Yata na kuka tana dukan ƙofa, mace mai jikoki na jin ta ta bayan katanga, ta ɗauka aljanu ne suka riga sabon ango tarewa. Ban iya jin haushinta ba a lokacin, babu wurin haushi. Na ce, "Goggo, har yanzu tana kukan?"

Ta sunkuyar da kai. "An ɗan jima ban ji ba."

Da rarrafe na isa ƙofar. Akwai huda inda sarƙa ke ratsawa, wadda na sha yi wa maigidana mita a kanta don masu wucewa na iya hango tsakar gida. Na ture sarƙar na manna ido, ƙarfen na ƙona mini kunci.

Tana nan. Tana bakin rijiya.

Bakin rijiyar ba shi da tsawo, tsohuwar taya ce aka dasa da siminti. Ta kwantar da cikinta a kan tayar, kanta da hannu ɗaya sun shige ciki, ƙafafunta a ɗage, yatsun ƙafa kaɗai ke taɓa ƙasa. A hannun da ta zura na hango gwangwanin madara. Ruwa take son ɗebowa. Ta ga yadda nake yi kullum, ita ma tana miƙa hannu, ruwan kuwa yana can ƙasa, ko babba sai da doguwar igiya.

Na nuna wa maigidana hudar. Ya leƙa, ya ja baya, ya rarumo dutse zai kai wa kwaɗon duka. Goggo ce ta riƙe masa hannu da hannayenta biyu.

"Kul! In ƙarhen ga ya yi ƙara ta zabura, ina za ta? Bi ta gidana, akwai duro ka taka. Sannu hwa, hwasassun kwalabe na bisa katanga."

Ya ruga. Wani ya tafi kiran mai walda. Mutane sun fara taruwa, Goggo na ta yi musu alama da hannu su yi shiru. Aka bar ni da hudar.

Na ce, "Ke." Muryata kamar ba tawa ba. "Ke. Ke, taho nan."

Ba ta juyo ba. Me zai sa ta juyo? "Ke" ta kowa ce, duk unguwa ita ake kwala wa yara daga safe har dare. Na ga ta ƙara turawa gaba, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa gaba ɗaya, jan silifas ɗin ya zame ya faɗi.

Sai na ji an dafa ni. Inna ce, ta iso, mayafinta a hannu, tana haki.

"Mi kike gani?"

"Tana bakin rijiya, Inna. Ta ƙi juyowa."

Inna ta tura ni gefe ta sa bakinta a hudar. Na ga leɓunanta na motsi, amma babu abin da ya fito sai iska. Matar da in ta yi kira daga zaure ana ji a layi na gaba. Ta sake gwadawa, shiru. Ta kamo wuyan hijabina ta jawo ni, idanunta jawur.

"Muryata ta tahi. Kira ta. Da sunanta, ɗiyag ga, don Allah da sunanta!"

Na kira.

Sunan ya fito mini wani iri, kamar na ɗauko kayan wani. Ni na raɗa shi a zuciya tun tana ciki, amma harshena bai san shi ba. Na faɗe shi a hankali, yadda ubanta ke ja masa wutsiya in yana lallashinta. Na sake faɗa.

Kanta ya ɗago daga cikin rijiyar. Ƙafar da ke sama ta dawo ƙasa. Ta waiwayo tana neman inda muryar take, fuskarta duk ƙasa da sawun hawaye.

Goggo ta danƙa mini ruwan leda, ban san inda ta samo ba. Na tura shi ta ƙarƙashin ƙofa, na sake kiran sunan na ce, "Ga ruwa. Umma ta. Taho ki sha, ga shi nan ƙasa."

Ta dubi ƙofa. Ta sake duban rijiya. Wallahi sai da ta sake duban rijiyar nan, kamar tana shawara wanne ya fi kusa. Sannan ta saki gwangwanin a ciki, muka ji ƙararsa can ƙasa bayan wani lokaci, ta tako tana tangaɗi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Da ta tsuguna ɗaukar ruwan na kwanta a ƙasa, a kan titi, gaban maza da yara, na zura hannu ta ƙarƙashin ƙofa na cafke idon sawunta. Ta tsorata ta fasa kuka, kukan ma babu murya, ta dishe. Ban saki ba. Ina jin ƙarfen na yankar mini hannu ban saki ba, har na ji dirar ubanta a tsakar gida, har na ji ya ce, "Na ɗauke ta, sake ta, na riƙe ta." Sai da ya faɗa ya maimaita. Shatin yatsuna ya kwana biyu a ƙafarta.

Mai walda ya yanke kwaɗon. Maigidana ya fito da ita a kafaɗa, tafin hannunsa na zubar da jini inda kwalba ta yanke shi, bai ma sani ba. Leɓunanta sun bushe sun tsage, ta yi fitsari a wando ya bushe a jikinta. Na karɓe ta a gaban Inna, a gaban kowa, na rungume, ban tuna da wata kunya ba. Muka kai ta asibiti, suka ce rashin ruwa ne da zafi, a yi ta ba ta ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, shi kuma aka ɗinke masa hannu.

Goggo ce ta gano inda ta ɓuya. Bayan madafa akwai wani ɗan lungu inda Alhaji ya jingine tsofaffin kwanon rufi, babba ba ya shiga sai a karkace, ni ban taɓa ɗaukarsa wuri ba. Ashe nan ne ɗakinta. Aka tarar ta shimfiɗa tsumma, ta tara gwangwanayenta da murafun kwalba da 'yar tsanarta a kai, ta haɗo bakin tsumman ta kasa ɗaurewa. Ta ga kowa na ƙulla kayansa, ita ma ta je ƙulla nata. Barci ya ɗauke ta a inuwar, muna ta jan gado da tukwane ba ta ji ba. Ina shara, tsintsiyata ta wuce ta bakin lungun nan.

A ranar maigidana ya mayar da murfin rijiya tsohon gida, da hannu guda, ya ce ko wa zai shiga gidan ya same shi a rufe. Rijiyar sabon gida kuma muka kifa mata tsohuwar ƙofa muka danne da duwatsu har aka ƙera wani.

In da bakina zai yarda, abin da zan gaya wa mai shirin tashi ba maganar tangaran ba ce. Yaro ba a aika shi wurin wani a ranar ƙaura, a ce tafi wurin wance. Hannu da hannu ake miƙa shi, wanda ya karɓa ya ce na karɓa. In za a tambayi inda yake a faɗi sunansa, a ce a ba shi waya a ji muryarsa. Wanda zai danna kwaɗo ya tsaya a tsakar gida ya yi kira da ƙarfi, ya leƙa inda babba ba ya shiga, don yaro ba ya ɓuya inda muke dubawa. Kada a miƙa mabuɗi sai an ga kowa da ido a sabon gida. Rijiya kuma a bar ta a rufe, ko murfin na zinari ne. Na iya rubuta su, ga su nan. Faɗarsu ce ba na iyawa.

Washegari da hantsi Inna ta zo. Muryarta ba ta gama dawowa ba. Yarinyar na kwance a tabarma kusa da ni, na sa ƙafata a jikin tata, don tun jiya in ba na jin ɗuminta hankalina ba ya kwanciya. Da na ga Inna na yunƙura zan janye ƙafar. Ta ce, "Bar ta nan."

Ta zauna. Yarinyar ta buɗe ido ta gan ta, ta miƙa hannu, Inna ta ɓare alewa ta sa mata a baki ba tare da faɗan da suka saba ba. Can yarinyar ta nuna ni da yatsa, da 'yar dishasshiyar muryarta ta ce, "Inna, ta san sunana."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta mai da ido kan bango, inda ba a riga an rataya komai ba. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Cikin keke na ji ki. Na san wa kike tambaya."

Na ɗago.

"Na sani sarai. Nij ji yadda kinka lanƙwasa maganar don kada in gane, nij ji daɗi har raina. Nic ce ɗiyar mutane akwai kunya. Da nic ce miki ba ni wayar in ji ƙawata, da tun hanya munka juya." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ina zaune ina jin daɗi."

Ban san abin da ake cewa ba in uwar miji ta faɗi irin wannan. Ba a koya mini ba. Na tashi in kawo mata ruwa, na ɗebo a sabuwar randa, na miƙa mata. Ta karɓi moɗar da hannu biyu. Ba ta sha ba, ta tallafo kan yarinyar ta kai mata baki.